Tafi, Tef da Jirgin Ƙasa: Abubuwan Ban Mamaki Game da Steve Reich

Daren da zaure ya hargitse. A watan Janairun 1973, a zauren Carnegie Hall na birnin New York, mutum huɗu suka zauna gaban ogan huɗu masu aiki da lantarki, na biyar yana kaɗa caki. Abin da suka zo da shi dunƙulen sauti ɗaya ne tak, wato 'yan sautuka da ake dannawa lokaci guda. Da farko a danna a saki nan take. Sai a ƙara masa tsawo kaɗan, a sake ƙarawa, har dannawa ɗaya ta riƙa cin bugun caki fiye da 200. Ba a yi nisa ba 'yan kallo suka fara tari da gunaguni, daga nan sai ihu, wasu na cewa a tsaya, wasu na cewa a ci gaba. Michael Tilson Thomas, wanda ya shirya taron kuma yana cikin masu danna ogan ɗin, ya ba da labarin cewa sai da ya riƙa ɗaga murya yana ƙirga bugu don kada abokan aikinsa su ɓace, kuma wata mata ta tako har bakin dandamali tana roƙon a daina. Sunan kiɗan Four Organs, mai shi kuwa Steve Reich, yana ɗan shekara 36. A 2016 zauren nan da kansa ya ba shi kujerar girmamawa ta mai tsara kiɗa, a ciki kuma aka yi masa bikin cika shekara 80.

Falsafa ya fara karantawa. An haifi Reich a New York ranar 3 ga Oktoba, 1936. Mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa kuma mawaƙiya mai rubuta waƙoƙi. Yana shekara 14 ya fara koyon ganga a hannun Roland Kohloff, amma da ya shiga Jami'ar Cornell sai ya zaɓi falsafa, ya gama a 1957 da kundi a kan Ludwig Wittgenstein. Bayan haka ne ya shiga makarantar kiɗa ta Juilliard, sannan Kwalejin Mills a Kalifoniya, inda ya zauna gaban Luciano Berio da Darius Milhaud. A zamanin nan, abin da ake ji da shi a makarantun kiɗa na Turai da Amurka shi ne kiɗa mai sarƙaƙiya, wanda ba ya maimaita komai, ba ka iya bin sa da ƙafa balle ka rera shi. Reich yakan yi darasinsa da rana, da dare ya tafi sauraron John Coltrane. Ya sha faɗin cewa faifan Africa/Brass na 1961 ne ya buɗe masa ido, domin a ciki Coltrane ya kwashe wajen minti 16 a kan tushen sauti guda bai gundiri kowa ba.

Direban tasi. Da ya gama karatu bai nemi koyarwa a jami'a ba. Tasi ya riƙa tuƙawa a San Francisco, ya kuma yi aiki a gidan waya. Yakan ɓoye makirufo a cikin motar yana ɗaukar hirar fasinjoji da ƙarar rufe ƙofa, ya yayyanka tef ɗin ya haɗa wani aiki da ya sa wa suna Livelihood. Bayan ya koma New York, shi da Philip Glass, wanda shi ma daga baya duniya ta san shi, sun yi aikin kwashe wa masu ƙaura kayan ɗaki don su samu na cefane.

Rikoda biyu da suka ƙi tafiya tare. Wannan ita ce tsatson komai, don haka bari a ɗan tsaya a kanta. A 1964 Reich ya je dandalin Union Square a San Francisco da na'urar ɗaukar murya, ya tarar da wani baƙar fata mai wa'azin Kirista, ana ce masa Brother Walter, yana wa'azi a kan Annabi Nuhu da ruwan ɗufana. Shekara biyu ke nan da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, mutane ba su gama fita daga tsoron yaƙin nukiliya ba, saboda haka maganar ƙarshen duniya ba wasa ba ce a kunnen kowa. Reich ya yanko 'yan kalmomi uku inda mai wa'azin yake cewa za a yi ruwa, ya manna bakin tef ɗin da gindinsa ya zama zobe mai juyawa ba ƙarshe. Ya yi zobe biyu iri ɗaya, ya ɗora a rikoda biyu masu araha, ya kunna su tare. Da fari murya ɗaya yake ji a tsakiyar kansa. Amma ɗaya injin ya ɗan fi ɗaya sauri, da abin da bai kai a lura ba. Sai muryar ta fara karkata zuwa kunne ɗaya, ta zama kamar amsa-kuwwa, ta rabu biyu suna bin juna, kalmomin suka narke suka koma kari da bugu zalla, daga ƙarshe zoben biyu suka sake haɗuwa inda suka faro.

Da wani ne, da ya kashe injin ya kira mai gyara. Reich ya zauna ya saurara har ƙarshe, kuma a ganina wannan haƙurin sauraro shi ne babban abin da ya kawo wa kiɗa. Aikin ya fito a 1965 da suna It's Gonna Rain. Wanda ya kasa kunne sosai zai ji wani ɗan bugu a ƙarƙashin muryar kamar ana kaɗa ƙaramar ganga. Fiffiken tantabara ne, ta tashi daidai lokacin da mai wa'azin yake magana, tef ya kama ta.

Muryar Daniel Hamm. A 1964 'yan sanda suka kama wasu samari shida baƙaƙen fata a unguwar Harlem bisa zargin kisan kai, aka riƙa kiran su Harlem Six. Wani marubuci mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙe, Truman Nelson, ya kawo wa Reich tef na sa'o'i masu yawa na hirar samarin da iyayensu mata, don a shirya taron tara kuɗin sake shari'a. A ciki Daniel Hamm, ɗan shekara 19, yake bayanin dukan da ya sha a ofishin 'yan sanda. Ba a kai mutum asibiti sai an ga jini, shi kuwa duk jikinsa kumburi ne, don haka sai da ya matse wani tabo har jini ya fito ya nuna musu. Reich ya ɗauki ɗan guntun jimlar nan, ya mai da ta murya biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, tsawon minti 13. Come Out ke nan, na 1966. Har yau ana muhawara a kansa. Wasu na ganin ya sa duniya ta ji kukan yaron, wasu na cewa ya narkar da maganar baƙin mutum ta zama ado a kunnen fararen fata. Ni dai abin da na lura shi ne, kafin ya fara narkar da ita sai da ya bar jimlar ta fito cikakkiya sau uku, ba wanda zai ce bai ji abin da aka yi wa Hamm ba.

Mutum ya kwaikwayi inji. Tambayar da ta dame shi bayan haka ita ce ko ɗan Adam zai iya yin abin da rikodan nan suka yi. A Piano Phase na 1967, masu piyano biyu suna buga sautuka 12 iri ɗaya, a maimaice. Ɗaya ya tsaya daram a kan takinsa, ɗaya ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce abokinsa da sauti ɗaya, sai ya tsaya a nan na ɗan lokaci, sannan ya sake matsawa. Abin mamakin shi ne kunne yana fara jin wasu karuruwa da babu wanda yake buga su a cikin su biyun, haɗuwar hannayen ce take haifar da su. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin: kowacce taɓaryarta take saukewa, amma kiɗan da ke tashi na tsakaninsu ne.

Kiɗan da ba a taɓa komai. A Pendulum Music na 1968, ana rataye makirufo da igiya a saman lasifika, a ja su baya a saki. Duk sa'ad da makirufo ya gifta ta kan lasifikar sai ta yi ƙara, irin wadda ake gudu a wurin taro. Masu wasan su koma su zauna cikin 'yan kallo. Idan lilon ya tsaya cak, sai a zare waya daga soket. A wasan da aka yi a gidan adana zane na Whitney a 1969, cikin masu sakin makirufon akwai masu sassaƙa da zane irin su Richard Serra da Bruce Nauman. A shekarun nan gidajen zane ne suka karɓe shi, zaurukan kiɗa ba su buɗe masa ƙofa ba tukuna.

Mako biyar a Gana. Tun 1962 aka nuna masa littafin A. M. Jones, Studies in African Music, wanda ya rubuta kiɗan Ewe na Gana dalla-dalla a takarda. A ciki ya ga abin da malamansa ba su taɓa gaya masa ba: makaɗa da yawa, kowa da ɗan karinsa da yake maimaitawa, kowa da inda yake farawa, duka cikin zagaye mai bugu 12. A New York ya ɗauki darasi wurin Alfred Ladzekpo, makaɗin Ewe, sannan a daminar 1970 ya tashi zuwa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon. Malaminsa shi ne Gideon Alorwoyie, babban makaɗin ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasar. Kullum Reich yakan ɗauki darasin a tef, ya koma ɗaki ya rage saurinsa ya rubuta bugun kuge, na caki da na kowace ganga ɗaya bayan ɗaya. Cikin abin da ya koya akwai Agbadza da Gahu, kuma masu bincike suna danganta asalin Gahu da yankin Badagry, inda masuntan Ewe suka gano shi suka kai gida. Zazzaɓin cizon sauro ne ya katse zaman, bayan mako biyar ya koma Amurka.

Ya taho da kugen ƙarfe a kayansa, amma ya yanke shawarar ba zai sa su a kiɗansa ba. Hujjarsa ita ce kwaikwayon amon Afirka da kayan Afirka ado ne na yawon buɗe ido, abin koyi shi ne yadda aka gina kiɗan. Ya kuma sha cewa tafiyar tabbaci ta ba shi a kan hanyar da ya riga ya kama, cewa ganga da hannun mutum sun fi na'urar lantarki wadatar sauti. Masana kiɗa, har da 'yan Afirka, sun yi ta tattauna girman bashin da ke kansa. Ra'ayina a nan a fili yake: duk wanda zai ambaci ayyukansa da suka biyo baya, Drumming ko Clapping Music, ya kamata ya ambaci Alorwoyie da Ladzekpo da sunansu, kamar yadda ake ambaton Berio da Milhaud. Alorwoyie daga baya ya zama farfesan kiɗa a Jami'ar North Texas a Amurka.

Sa'a guda daga bugu ɗaya. Drumming, wanda ya gama a 1971, yana farawa da bugu ɗaya a cikin zagaye mai gurbi 12, sauran duk shiru. A hankali ake cike gurabun har bugu takwas su tsaya, kuma wannan karin ɗaya shi ne jarin aikin gaba ɗaya, wanda yakan ɗauki sa'a guda ko fiye. Kashi na farko ƙananan ganguna takwas ne, na biyu marimba uku, wato jerin katakai da ake bugawa da sanda, tare da muryoyin mata. Na uku ƙarafa ne masu siririn amo da fito da ƙaramar sarewa, na huɗu kuma kowa da kowa. Matan ba kalma suke rerawa ba. Aikinsu su saurari karin da ke ɓoye cikin bugun marimba, su fito da shi da murya, su sake mai da shi ciki.

Kiɗan da ba ya bukatar kaya. Yawo da motar kaya cike da ganguna da lasifika ya gajiyar da ƙungiyarsa. Wata rana a Brussels ta Beljiyam suka shiga wani gidan rawa inda ake kiɗan filamenko na Sifaniya, tafin da masu rawar suke yi ya tsaya masa a rai. Daga nan Clapping Music ya fito a 1972: mutum biyu, hannu huɗu, shi ke nan. Karin shi ne tafi uku, hutu, tafi biyu, hutu, tafi ɗaya, hutu, tafi biyu, hutu. A ƙirga za a samu 12, kuma kusan ɗan'uwan bugun kugen Ewe ne. Mutum na farko ba ya canzawa. Na biyu, bayan an maimaita sau da dama, sai ya tsallake gurbi ɗaya ya ci gaba daga nan, haka har sau 12 ya dawo daidai da abokinsa. Duka bai wuce minti biyar ba, kuma takardarsa shafi ɗaya ce. A 2015 ƙungiyar London Sinfonietta ta fitar da manhajar waya da ke koya wa mutum shi kamar wasa. A gwada da aboki, za a ga wahalar tana wurin wanda aka ce kada ya canza.

Makaɗa 18 ba madugu. Ranar 24 ga Afrilu, 1976, a zauren Town Hall na New York, aka fara kaɗa Music for 18 Musicians, wanda da yawa suke ɗauka shi ne mafi fice a ayyukansa. Dunƙulen sauti 11 ake jerowa a farko, sannan a ɗauki kowanne a shimfiɗa shi ya zama sashe guda, kusan sa'a ɗaya ba tsayawa. Ba mai tsayawa gaba da sanda yana ba da umarni. Mai buga wani kayan ƙarfe ne yake ba da alama da sauti idan lokacin juyawa ya yi, kuma Reich da kansa ya rubuta cewa daga babban makaɗin Afirka ta Yamma da masu kiɗan gamelan na tsibirin Bali ya ɗauko dabarar, domin ya karanci kiɗan Bali a 1973 da 1974. Wani abin sha'awa kuma, ma'aunin tsawon wasu sautukan numfashin mutum ne. Mai busa ya ja iska ya cika ƙirji, ya fara a hankali, ya ƙara ƙarfi, ya sauka, inda numfashinsa ya ƙare nan sautin ya ƙare. Kamfanin ECM na Jamus, wanda aka sani da jaz, shi ya fitar da faifan a 1978, aka sayar da fiye da kwafi 100,000, adadin da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗa. Kusan shekara 20 babu cikakkiyar takardarsa. 'Yan ƙungiyar da ka suka riƙe shi, da 'yan guntayen rubutu da su kaɗai suke ganewa.

Yaron da ke cikin jirgi. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara ɗaya. Uwa ta koma Los Angeles, uba ya zauna New York, kotu ta raba musu riƙo. Daga 1939 zuwa 1942 yana kai da kawowa a jirgin ƙasa daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, tare da mai renonsa Virginia. Da ya girma sai tunani ya zo masa: shi Bayahude ne, da a Turai yake a waɗannan shekaru, da wani jirgin daban aka cusa shi, wanda ke kai mutane sansanonin kisa na 'yan Nazi. Ya je ya ɗauki muryar Virginia, ta tsufa, da ta Lawrence Davis, tsohon ma'aikacin jirgin da ya yi aiki a wannan layi, ya haɗa da muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan kiyashin, da kukan jiragen Amurka da na Turai na wancan zamani.

Dabarar da ya yi a Different Trains na 1988 ita ce ya saurari kowace gajeriyar magana, ya rubuta hawa da saukar muryar a matsayin kari, ya ba masu goge su buga. Idan mace ce ta yi magana, matsakaicin goge ne yake ɗauka, idan namiji ne sai babba mai kauri. Wani lokaci gogen ne yake riga muryar, ka ji karin tukuna, sannan mutumin ya faɗi maganar a kansa daidai. Mai jin Hausa, wanda ya san sauya hawan murya kan sauya ma'ana, ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ƙungiyar masu goge huɗu ta Kronos ce ta kaɗa shi, ya ci kyautar Grammy a 1990. Idan mutum abu ɗaya kawai zai saurara daga Reich, wannan nake ba da shawara.

Tambaya biyar a kan Annabi Ibrahim. Tun tsakiyar shekarun 1970 ya koma ga addininsa, ya karanci Ibrananci da salon karatun Attaura a New York da birnin Kudus. A 1981 ya yi Tehillim daga ayoyin Zabura. Amma aikin da zai fi jan hankalin mai karatu a nan shi ne The Cave, wanda ya yi da matarsa Beryl Korot, mai fasahar bidiyo, aka fara nuna shi a Viyana a 1993. Kogon da ake nufi shi ne na birnin Al-Khalil, inda Masallacin Ibrahim yake, wurin da Musulmi da Yahudawa suka yi imani nan kabarin Annabi Ibrahim yake. Sun ɗauki kyamara suka yi wa mutane tambaya iri ɗaya: wane ne Ibrahim a wurinka? Wace ce Saratu, wace ce Hajara, wane ne Isma'ila, wane ne Ishaƙa? Kashi na farko Yahudawan Isra'ila ne suka amsa, na biyu Falasɗinawa, na uku Amurkawa. A kashi biyun farko kowa yana magana kamar a kan kakansa na jiya. A Amurka kuwa an samu wanda da jin sunan sai Abraham Lincoln ya faɗo masa. Fuskokin suna fitowa a manyan allo biyar, makaɗa suna bin karin maganarsu. Reich ya kuma ɗauki amon cikin ginin kansa, wannan gunjin da babban ɗaki yake yi idan mutane na addu'a ƙasa-ƙasa, ya gano sautin da ya dace da shi ya ba makaɗa su riƙe. Ba a cika shekara da fara nuna aikin ba, a watan Azumi, ranar 25 ga Fabrairu, 1994, wani ɗan kama-wuri-zauna Bayahude ya buɗe wuta a masallacin ya kashe masallata 29.

Gidansa da tagwayen benaye. A City Life na 1995 ya sa hon ɗin mota, ƙarar rufe ƙofa da na injin kafa ginshiƙi cikin kayan kiɗa, har da maganar 'yan kwana-kwana ta rediyo ranar harin bam na 1993 a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. A lokacin gidansa layi huɗu ne kacal daga wurin. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai wa tagwayen benayen cibiyar hari, yana jihar Vermont, amma ɗansa da surukarsa da jikarsa suna cikin gidan, kuma sun fita lafiya. Sai bayan shekara goma ya fitar da WTC 9/11, wanda yake buɗewa da ƙarar da wayar tarho take yi idan an bar kanta a ajiye ba a mayar ba.

Waɗanda suka sha daga rijiyarsa. Brian Eno ya ce It's Gonna Rain ne ya nuna masa yadda za a kafa tsari a bar shi ya haifi kiɗa da kansa, hanyar da ta kai shi ga Music for Airports a 1978. David Bowie ya ga Music for 18 Musicians a Berlin a 1976, kuma ana jin tasirinsa a faifansa Low na 1977. A 1982 wata matashiya 'yar Beljiyam, Anne Teresa De Keersmaeker, ta tsara rawa mai suna Fase a kan huɗu daga cikin ayyukansa na farko, da ita ta yi suna. A 1987 ya rubuta wa mai jita Pat Metheny Electric Counterpoint, inda mutum ɗaya yake kaɗawa a kan jita goma da bas biyu da ya riga ya ɗauka a tef, kuma karin sashen farko daga busar ƙaho ta mutanen Banda-Linda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya fito, ta hanyar binciken Simha Arom. A 1990 ƙungiyar The Orb ta Ingila ta yanki guntun aikin ta sa a waƙarta Little Fluffy Clouds ba tare da izini ba. Reich bai ma san da su ba sai da wani ɗan jarida ya kunna masa, kuma bai kai ƙara ba. Dubi tafiyar da aikin ya yi: daga ƙauyen Afirka ta Tsakiya zuwa littafin masani a Faransa, zuwa New York, zuwa gidajen rawa na Landan. A 1999 matasa masu haɗa kiɗa da kwamfuta suka fitar da faifai guda, Reich Remixed, na sarrafa ayyukansa.

Abin ya kuma juyo ta ɗaya ɓangaren. Reich ya ji Jonny Greenwood na ƙungiyar Radiohead yana kaɗa Electric Counterpoint a birnin Krakow na Poland, ya koma gida ya nemi waƙoƙinsu, ya ɗauki biyu ya gina Radio Rewrite a kansu, aka fara kaɗa shi a Landan a 2013. Yana da shekara 76.

Sunan da ba ya so. Shi da La Monte Young, Terry Riley da Philip Glass ake kira iyayen minimalizim, wato kiɗan da ake ginawa da ɗan abu kaɗan ana maimaitawa. Reich bai taɓa son laƙabin ba, yana ganin aikin 'yan jarida ne da masu rubuta tarihi. Akwai hannunsa ma a aikin da ake cewa shi ya buɗe fagen, In C na Terry Riley: a wurin gwaji a 1964 makaɗa suna ta ɓacewa juna, shi ya ba da shawarar a sa mutum ɗaya ya riƙa buga sauti guda a piyano ba tsayawa, kowa ya jingina da shi.

Kyaututtuka sun zo a makare. Praemium Imperiale ta Japan a 2006, Polar ta Siwidin a 2007, sai Pulitzer a 2009 saboda Double Sextet, inda makaɗa shida suke kaɗawa tare da tef ɗin kansu, ko kuma 12 su rabu gida biyu. Yana da shekara 72 ya karɓe ta, fiye da shekara 30 bayan Music for 18 Musicians, aikin da mutane da yawa suke ganin shi ya cancance ta. Hular hana-sallah baƙa da aka san shi da ita kuwa ba ya rabuwa da ita, ko a dandamali ko a wurin karɓar kyauta.

Tsufa bai hana sabon abu ba. Mutumin da aka sani da bugu mai tafiya kamar agogo, a 2020 ya rubuta Traveler's Prayer, addu'ar matafiyi, wadda babu wannan bugun a cikinta ko kaɗan, muryoyi huɗu ne suke jan tsofaffin karuruwan karatun Ibrananci a hankali. An fara rera ta a Amsterdam a 2021. A Oktoban 2023, yana da shekara 87, ƙungiyar New York Philharmonic ta fara kaɗa Jacob's Ladder, wanda ya gina a kan mafarkin Annabi Yakubu na tsani tsakanin ƙasa da sama kamar yadda ya zo a Attaura, kuma a cikinsa bugun ya dawo.